Sarkin Kano Abbas, Malaman Taki da Kundin Gonaki

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku 'yan sashenmu na kwamfuta da maƙwabtanmu 'yan safiyo, tarihin wani sarki na kawo muku a wannan fitowa. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ɗan difloma a kwamfuta da sarkin da ya rasu tun 1919? To ga abin da ya haɗa mu. A zamaninsa ne aka fara ƙoƙarin zuba gonakin ƙasar Kano a takarda ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai gona, da girmanta, da kuɗin da za ta biya. In ka ɗauke alƙalami da tawada ka ajiye MySQL a wurinsu, wannan aiki shi ne abin da ake koya mana da sunan rumbun bayanai. Kuma ciwon kan da suka sha a lokacin, wallahi har yau bai warke ba.

Muhammadu Abbas ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Ibrahim Dabo wanda ya hau gadon Kano a 1819. Ya taso a gida mai yawan 'ya'ya maza, kowa kuma yana hangen sarauta. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, sai 'ya'yan Abdullahi suka ce ba su yarda ba. Suka fice daga birni ƙarƙashin Yusufu suka yi sansani a Takai. Wannan ita ce Basasa, Yusufawa da Tukurawa, ɗan uwa na saran ɗan uwa. Yusufu bai ga ƙarshenta ba, ya rasu a hanya, Aliyu Babba wanda aka fi sani da Alu ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Abbas yana ɓangaren Yusufawa, kuma a zamanin Alu ya riƙe sarautar Wambai. Ku riƙe maganar Basasar nan a ranku, domin yaƙin ya tarwatsa mutane, wasu suka gudu suka bar gidaje da gonaki, wasu suka shiga suka zauna. Duk wanda zai zo daga baya ya tambayi wa ke da wace gona, a kan wannan tabo zai taka.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano. Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa. A kan hanyar dawowa labari ya riske su. Alu ya rabu da rundunar cikin dare, Waziri Ahmadu ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi ya rasu a can, Wambai Abbas kuma ya ja ragowar jama'a ya dawo da su gida. A watan Afrilu na wannan shekara Lugga ya tabbatar da shi Sarkin Kano. Alu kuwa aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Har yau ana musu a kan wannan mataki na Abbas. Akwai masu ganin ya miƙa wuya da wuri, akwai masu ganin ya tsamo dubban mutane daga bakin bindigar da ba su da maganinta. Ni dai a nawa ɗan nazari na fi karkata ga na biyu, amma ba zan ɓoye cewa sandar da ya riƙe daga hannun Bature ta fito ba, kuma wanda ya ba ka sanda yana iya karɓe ta. Ya yi shekara 16 yana mulki da sanin haka.

Yanzu bari mu shiga inda na fi so. Kafin Turawa, haraji a Kano ba abu ɗaya ba ne. Akwai kuɗin ƙasa da magidanci ke biya. Baturen Jamus Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne a kan kowane magidanci. Akwai zakka a kan hatsi, ɗaya cikin goma. Akwai kuɗin shuka a kan irin su rogo da gyaɗa, kuɗin rafi a kan masu lambu, kuɗin karofi a kan marina, jangali a kan shanu. Hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ke fita karkara su tattaro. Kuma garuruwan hakimi guda ba a jere suke ba. Yana iya samun gari a arewa, biyu a kudu, ɗaya can gabas. Wani lokaci ma biyayyar ba ta bin ƙasa, mutane take bi: gari ɗaya, amma wasu mazaunansa, musamman Fulani, suna kai nasu ga wani ubangida daban saboda dangantaka.

Ɗan ajinmu da ya ji wannan ya san sunansa. Hakimi ɗaya garuruwa da yawa, gari ɗaya iyayen gida da yawa. Dangantaka ce ta da-yawa-da-da-yawa, irin wadda lakcara ke cewa ba ta zama a tebur biyu sai ka saka na uku a tsakani. Kuma tsarin yana tafiya, domin teburin na uku yana nan, sai dai ba a takarda yake ba. A kan jakadu yake. Jakada ya san wanda ƙasarsa ta yi kyau bana, ya san wanda gobara ta cinye wa rumbu, ya san gidan da ba a taɓawa saboda malami ne. Ya kuma san yadda zai yanki nasa kafin kuɗi su isa birni, kar mu mai da shi waliyyi.

Turawa suka duba suka ce wannan rikici ne. Razdan na Kano, Dokta Cargill, ya ɗauki wuƙa ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, kowace gunduma a haɗe wuri ɗaya, kowace da hakimi guda, aka kuma umarci hakimai su bar birni su koma can su zauna. Daga wannan sauyi ne muka gaji abin da muka taso muka gani a arewacin Kano: Sarkin Bai a Ɗambatta, Madaki a Dawakin Tofa. Mai unguwa na ƙarƙashin dagaci, dagaci na ƙarƙashin hakimi, hakimi na ƙarƙashin sarki. Bishiya ke nan, kowane reshe da uwa ɗaya tak.

Abin da ya ba ni dariya da na fahimci haka shi ne, irin wannan bishiya ita ce tsarin manhajar IMS da kamfanin IBM ya fitar a ƙarshen shekarun 1960, kuma ita ce Edgar Codd, Baturen Ingila mai aiki a IBM, ya soka a takardarsa ta 1970 da ta haifi tsarin tebura masu dangantaka da muke karantawa. Hujjarsa ita ce, bishiya tana da sauri in tambayarka ta bi reshe daga sama zuwa ƙasa, amma duk abin da yake da uwa biyu sai ka maimaita shi ko ka yi masa ƙarya. A Kano ƙarya aka yi masa. Mutumin da kakanninsa ke bin wani gida sai ya wayi gari a ƙarƙashin hakimin da bai taɓa sani ba, don kawai layin taswira ya bi ta bayan gidansa.

Abbas bai ji daɗin wannan ba, kuma dalili a fili yake. Jakadu da bayin sarki su ne idonsa da kunnensa, tsarin kuma ya zo ya tsinke su. Ja-in-ja ta yi tsanani har a 1908 Cargill ya sauke ɗan sarkin, Abdullahi Bayero, daga Waziri, ya ɗora Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya mai da shi ƙofar da komai zai bi. Ku auna wannan. Sarki na zaune a fadarsa, bawansa aka ɗora a kan harkokin ƙasa. Abbas bai yi tawaye ba, bai kuma yi murabus ba. Ya yi shiru ya jira. Ba a daɗe ba aka ɗauke Cargill, Temple ya zo a 1909 ya warware naɗin, Malam Giɗaɗo, masanin shari'a, ya zama Waziri, martabar sarki ta dawo. Gundumomin dai suka zauna, ba a koma tsarin da ba.

A daidai wannan lokaci, can a Landan, wasu na zaune suna zana ƙa'ida. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, ya sa aka kafa kwamiti a 1908 don duba mallakar ƙasa a Arewa. Da yawa daga masu faɗa a ji a wannan harka, har da Temple ɗin, sun sha karatun wani Ba'amurke mai suna Henry George, wanda ya koyar da cewa ƙasa ta al'umma ce, kuma haraji mafi adalci shi ne wanda aka ɗora a kan ƙasa kanta. Sakamakon shi ne dokar 1910 da ta sa duk ƙasar Arewa a hannun Gwamna, wai riƙon amana don 'yan ƙasa. A takarda abin gwanin sha'awa: a haɗe tarkacen harajin nan su zama ɗaya, a auna gonar kowa, mai babba ya biya da yawa, mai ƙarama ya biya kaɗan, ba jakada ba ɗan tsakani. Kuɗin su shiga baitulmali, wanda shi ma a wannan zamani aka kafa shi a Kano, sarki da hakimai su koma kan albashi.

Sai dai wa zai auna? Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ba irin dajin da mutum zai share ya yi shekara uku ya tashi ba ce. Gona na jingine da gona, ana noma ta kowace damina ba hutu, jakuna na ɗauko taki daga birni a mangala suna kaiwa. Ƙananan gonaki ne dubbai a kan dubbai, ga ma'aikatan safiyo 'yan ƙalilan. Sai aka koma ga abin da ake da shi, wato ƙafa. Aka horar da malamai, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta taimaka wajen wannan, suka fita karkara suna taka gona suna ƙirgawa, su fitar da eka, su rubuta sunan mai ita. Su ne malaman taki. Takin ƙafa fa, ba na mangala ba, kodayake a ƙasarmu duka biyun ne ke yanke wa manomi hukunci.

Ku zo mu yi ɗan lissafi, 'yan safiyo ku gyara zama. Eka ɗaya yadi 4,840 ce murabba'i, wato kusan taki 70 a tsaye 70 a kwance in takin mutum ya kai yadi guda. To a ce malami ɗaya dogo ne, takinsa santimita 90, ɗayan gajere, nasa 80. Gajeren zai ƙirga taki fiye da dogon a tsawo, ya kuma ƙirga fiye da shi a faɗi. In ka ninka biyun, gona guda za ta fito ta fi girma da sama da kashi ɗaya cikin huɗu a littafin gajeren. Haraji kuma a kan eka yake. Ka ga ke nan abin da magidanci zai biya ya rataya a kan tsawon ƙafar wanda aka turo masa. Wannan ma in gonar mai kusurwa huɗu ce daidai. Gonakinmu kuwa kun san su, wata kamar ƙahon sa, wata ta zagaye kuka ta dawo, wata rafi ya gutsure mata gefe. Sannan ga abin da ba ya cikin lissafi: malamin da aka tarba da kaza da ƙwaryar fura, takinsa kan buɗe. Masu binciken tarihin wannan aiki, irin su Steven Pierce da ya yi nazari a Ungogo, sun nuna yadda cin hanci da kuskure suka dabaibaye shi. A aji muna cewa in ka zuba shara a kwamfuta shara za ta ba ka. Tebur na iya cika duk ƙa'idojin Codd, lambar da ke cikinsa kuma ƙarya ce tsagwaronta.

Amma a ganina aunawa ba ita ce babbar matsalar ba. Babbar ita ce ɗan gurbin nan da aka rubuta mai gona a samansa, aka bar wurin suna ɗaya.

Ni ɗan ƙauye ne daga tsakanin Bichi da Ɗambatta, kuma furojet ɗina na ƙarshe rumbun bayanai ne na wata ƙungiyar manoma a garinmu, don rabon takin zamani da iri. Saboda haka wannan gurbi na san shi ido da ido. Littafi ya ce ga teburin manomi, ga teburin gona, kowace gona ta ɗauki lambar mai ita. Ƙauye kuma ya ce tsaya tukuna. Akwai gonar gandu, ta gida gaba ɗaya, uba da 'ya'yansa ko wa da ƙannensa suna noma tare. A cikinta ko gefenta akwai gayauna, ɗan yankin da aka ba saurayi ko matar gida su noma don kansu. Akwai gonar gado da ba a raba ba tukuna, magada goma, ɗaya ke nomawa. Akwai aro. Akwai haya. Akwai jingina, inda mai gona ya karɓi kuɗi, mai kuɗi ya riƙe gona yana ci har ranar da za a biya shi, wani lokaci har su biyun su mutu 'ya'yansu su gaji maganar. Akwai riƙo, na wanda ya tafi cin rani ko ya zauna a Legas. Kai, akwai ma inda ƙasa ta wani ce, ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani. To sunan wa za ka sa? Wanda ya gada, ko wanda ya shuka bana, ko wanda zai biya?

A zamanin Abbas akwai ƙarin wani hawa a kan wannan: gandayen sarauta da rinji, irin na Fanisau, inda bayi ke noma ƙasar da ba tasu ba, ga dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan Maris 1901 ɗa ne, ga wasu na biyan murgu suna neman fansar kansu. Malamin taki yana tsaye a bakin gona da gurbi ɗaya a takarda. Duk sunan da ya rubuta, ya ɗora wa wani nauyin haraji, ya kuma ba wani hujjar da zai ɗaga gobe ya ce gonar tasa ce.

Abin da na yi a nawa aikin shi ne na cire mai gona daga teburin gona ɗungurungum. Na gina tebur na uku mai suna riƙo: wane mutum, wace gona, ta wace hanya, daga yaushe zuwa yaushe, su wa suka shaida. Gona ɗaya tana iya samun layi uku a lokaci guda. Nan ƙa'idar Codd ta yi mini rana ƙwarai, don ita ta nuna mini cewa riƙo abu ne mai zaman kansa. A wasu wurare kuma dole na saɓa wa littafi da gangan. Suna ba ya zama mabuɗi, don a unguwa ɗaya sai ka sami mutum biyar suna ɗaya, sunan uba ɗaya, laƙabi ne kawai ke raba su, wannan Ɗanlami, wancan Tanko. Ranar haihuwa yawancin dattawa ba su da ita a rubuce, in ka matsa sai a ba ka 1 ga Janairu, saboda haka na bar gurbin ya iya zama fanko, na ƙara wani na kiyasin shekaru. Lambar waya ma ba ta zama mabuɗi, waya ɗaya gida uku ke amfani da ita, layi kuma yau ya ɓace gobe a sayi sabo. Wanda ya tuna shirin rabon taki ta wayar salula da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012 ya san yadda marasa waya da mazauna inda ba sabis suka sha wahala. Sai na ba kowa lambar ƙungiya tasa. Sannan sakataren ƙungiyar ba shi da kwamfuta, wuta ma sai an ga dama. Don haka na fitar masa da shimfiɗaɗɗiyar takarda guda, suna da laƙabi da unguwa da buhu nawa, ana maimaita sunan unguwa a kowane layi. Ranar da na nuna wa wani abokina ita ya ce wannan ai ko matakin tsefewa na biyu ba ta kai ba. Na ce masa tsefaffun teburan suna ciki, wannan ta ranar rabo ce, ranar da mutum ɗari ke tsaye a rana kowa na son ya ji sunansa. Shi kansa Codd ai bai samu yadda yake so ba. Harshen SQL da aka gina a kan tunaninsa ya yarda layi biyu su zama iri ɗaya sak, abin da ya ƙi jini, har a 1985 ya fitar da dokokinsa 12 don ya nuna wa kamfanoni inda suka kauce. Kamfanonin suka ci gaba da sayar da kayansu, mu kuma shi muke rubutawa a jarrabawa.

To shi Abbas me ya yi da nasa gurbin? Nan ne nake ganin girmansa. Ba shi ya zana fom ɗin taki ba, ba shi kuma da ikon soke shi. Abin da yake hannunsa shi ne majalisar shari'arsa, wadda aka tsara a zamanin Temple, shi a kan gaba, Waziri Giɗaɗo a gefensa. Rikicin gona da na gida can ake kai su. An rubuta shari'o'in da Larabci a taƙaice: wane ya yi ƙarar wane, ga abin da ya ce, ga shaidu, ga hukunci. Wani masani mai suna Allan Christelow ya fassara zaɓaɓɓu daga na 1913 da 1914 ya buga su a 1994. Abin da kundin taki ya matse a suna ɗaya, a majalisa ake warware shi: aro ne ko kyauta, wa ya share dajin, wa ya gudu lokacin Basasa, shekara nawa wane ya yi yana nomawa ba wanda ya yi magana. Har ma akwai abin da rubutun ke kira hukuncin zamani, wato ƙa'idar da sabon mulki ya zo da ita, an ba ta sunanta daban don kada ta cakuɗe da Shari'a. Ni wannan ya burge ni. Mutum ne da aka tilasta masa aiki da dokoki daga tushe biyu, sai ya sa aka yi wa kowace alama, duk wanda ya buɗe kundin daga baya ya san daga ina hukunci ya fito. A yarenmu, ya ajiye gurbin da ke faɗin asalin bayani. Ba ina cewa duk hukuncinsa adalci ba ne. Sarki ne, yana da 'yan gaban goshi, kuma mai ƙarfi ya fi talaka sanin hanyar fada.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za a loda masa, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi, suka duba ƙasarsu mai jigawa, suka ga gyaɗa ta fi, ga shi in ciniki ya ƙi ana iya cin ta, harawarta kuma dabbobi su samu. Daga 1912 gyaɗa ta cika tasha. Haraji ya koma kuɗin Bature, wuri ya fara mutuwa, saboda haka kowane magidanci sai ya nemi abin da zai sayar.

Sai damina ta 1913 ta ƙi. Yunwar da ta biyo baya, wadda ake kira Kakalaba, ta yi tsanani a 1914, ta kashe mutane masu yawa, kuma arewacin Kano na cikin inda ta fi yi wa ɓarna, mutane suka yi ta kwarara kudu neman abinci. A nan bambancin tsohon tsari da sabo ya fito tsirara. Zakka kason amfani ce: ka samu dami ɗari ka ba da goma, ka samu goma ka ba da ɗaya, in bai kai nisabi ba babu komai a kanka. Eka kuwa ba ta san an yi ruwa ko ba a yi ba. Gonar da aka rubuta eka uku a shekarar ƙoshi, eka uku ce a shekarar fari. An zaɓi a ajiye abin da ba ya canjawa don ya fi sauƙin ajiyewa, aka bar abin da ke canjawa, alhali shi ne ke nuna ko mutum zai iya biya. Michael Watts, a littafinsa na 1983 a kan yunwa a Arewa, ya yi doguwar hujja cewa harajin kuɗi marar lanƙwasa ya rage wa talaka ƙarfin jure fari. Duk ɗan ajinmu da zai tsara fom na tallafi ko bashin noma, ina roƙonsa ya karanta tarihin 1914 kafin ya yanke gurbin da zai sa da wanda zai bari.

Sarki Abbas ya rasu a watan Mayu 1919 a gidan sarki na Nasarawa, shi ya sa ake ce masa Maje Nasarawa. A can aka binne shi, a can kuma aka binne jikansa Ado Bayero a 2014. Ɗan uwansa Usman ya gaje shi. Ɗansa Abdullahi Bayero, wanda Cargill ya sauke, ya riƙe Bichi yana Ciroma, sannan ya zama sarki daga 1926 zuwa 1953. Wani ɗan nasa, Muhammadu Inuwa, ya yi sarauta ta 'yan watanni a 1963.

Kundin gonaki ya ci gaba bayansa. A gundumomin da ke kusa da birni aka maye takin ƙafa da awo na sosai da taswira, gona-gona, har Michael Mortimore ya zo a shekarun 1960 ya yi nazarin yadda gonakin Ungogo ke ƙara tsagewa da yawan jama'a. Ƙa'idar da ke bayan gurbin mai gona ita ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 1923 Sarki Usman ya hana mata gadon gida da gona, a 1954 Sarki Sanusi ya dawo musu da haƙƙinsu. Shekara 31 ke nan da 'ya mace ba ta shiga wannan gurbi ta hanyar gado, kuma kundin da ke ajiye sunan mai riƙe da gona na yau kaɗai ba zai gaya maka wadda aka tsallake ba. A 1978 dokar amfani da ƙasa ta sa ƙasa a hannun gwamnonin jihohi. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, dalilin da ya sa aka fara taka gonaki tun farko ya tafi ke nan. A garinmu yau, in iyaka ta rikice, mai unguwa ake kira da dattawa biyu ko uku, a bi layin gamba da jema, a nemo tsohon kututturen aduwa, a tambayi wanda ya ga ranar da aka dasa shi.